Garejin da Ya Koma Ɗakin Sunuka da Ƙwallon Tebur: Nazarin Wani Gida a Kano

Gidan yana wata sabuwar unguwa ce a gabashin Kano, ginin bulo mai gareji a jikin katangar gaba. Maigidan, Alhaji, tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, uwargidan kuma yayata ce ciki ɗaya. Samari uku gare su da 'yan mata biyu, ga ɗan ƙanin Alhaji da ke zaune a hannunsu yana karatu. Ni malamin motsa jiki ne a sakandare, na kuma daɗe ina buga ƙwallon tebur, wanda yara ke kira tanis, shi ya sa da maganar ta taso aka neme ni. A gabana aka yi aikin tun daga awo har aka fara wasa, kuma har yau ina shiga gidan.

Ba sha'awar wasa ce ta tayar da zancen ba, damuwa ce. Manyan samarin biyu sun soma daɗewa a wata rumfar sunuka da ke bakin titi, daga bayan magariba har sai mai rumfar ya kashe janareta. A irin waɗannan wurare wanda aka cinye shi ke biyan kuɗin tebur, daga nan sai 'yan kallo su fara ɗora kuɗi a kan wane zai ci wane. Malamai da dama suna ɗaukar ko da wancan biyan na wanda aka cinye a matsayin caca, balle ɗora kuɗi a fili. Yaya so take a hana su kawai. Alhaji ya ce yaron da ya fara gemu ba a tsare shi da tsawa. Da ya kawo shawarar a sa musu tebur a gida, sai ta ce, "Alhaji, ai wannan kamar ka sa musu hannu ne." Ya ce, "Hajiya, ba wasan na ƙi ba, wurin na ƙi." 'Yan matan da suka ji ana zancen tebur suka ce in dai za a yi wa maza, to su ma a sa musu na tanis. Haka buƙata ɗaya ta zama biyu, ɗakin kuwa ɗaya ne.

Awo kafin ciniki

Kafin in zo Alhaji ya riga ya yi magana da wani mai sayar da kayan wasanni, wanda ya turo masa hoton tebur mai ƙafa 9 a waya, ya ce shi ne na manya. Na roƙe shi kada ya ba da ko sisi sai mun sa tef. Aka kwashe tsofaffin tayoyi da buhunan siminti da suka daskare, muka auna daga filasta zuwa filasta: tsawo mita 6.3, faɗi mita 4, daga ƙasa zuwa silin mita 2.9.

A nan ne mafi yawan masu irin wannan aiki ke tafka asara. Mutum ya auna tebur, ya auna ɗaki, ya ga teburin ya shiga har da ragowar wurin wucewa, sai ya ce shi ke nan. Ya manta da sanda. Sandar manya tsawonta santimita 145 zuwa 147 ne. Duk lokacin da farar ƙwallo ta manne da gefe, mai bugu kuma yana so ya tura ta ɗaya gefen, to sandar gaba ɗayanta a wajen tebur take, gindinta na neman bango, ga shi kuma yana bukatar ɗan sararin da zai ja ta baya kafin ya saki. Lissafin ke nan: a auna filin da ƙwallo ke gudu a kai, daga robar gefe ɗaya zuwa ta ɗaya gefen, a ƙara masa tsawon sanda sau biyu, ta tsawo da ta faɗi. Abin da ya fito shi ne ɗakin da teburin ke ci, ba abin da ƙafafunsa suka rufe ba.

Sai da na warware wa Alhaji wani abu tukuna, don shi abin da yake gani a talabijin ne a ransa, gasar duniya da ake yi a Sheffield. Wancan shi ne sunuka na asali, wanda hafsoshin sojan Ingila suka ƙirƙiro a Indiya wajen 1875, ana buga shi da ƙwallaye 22 a kan tebur mai ƙafa 12. Filinsa kaɗai santimita 357 ne da 178, ɗakinsa kuma sai ya kai mita 6.5 da 4.7. Wanda samarinmu ke yi a bakin titi shi ne wanda Turawa ke kira pul: ƙwallaye 15 da fara ɗaya, baƙa ce ta ƙarshe, teburinsa kuma ƙarami ne. Shi yaran suka iya, shi suke so, kuma shi kaɗai garejin zai iya ɗauka.

Ko a cikin na pul ɗin ma faɗin ɗakin ne ya yanke hukunci. Mai ƙafa 9 filinsa santimita 254 ne da 127. In aka ƙara sanda biyu, faɗin da yake nema mita 4.21. Mai ƙafa 8, da ke da 224 da 112, yana neman mita 4.06. Santimita shida kacal ya fi ɗakin, amma santimita shidan nan su ne bambancin wasa da dungurar bango. Ban so Alhaji ya yarda don na faɗa ba. Muka shimfiɗa kwalaye a ƙasa daidai girman mai ƙafa 9, na yanka gora daidai tsawon sanda na miƙa masa. Ya sunkuya kamar zai buga daga gefe, gindin gorar ya daki filasta tun bai ja ta baya ba. Ya miƙe ya ce, "Gani ya kori ji." Daga ranar bai sake ambatar ƙafa 9 ba.

Da tef ɗin muka tafi shago, kuma ina ba duk mai wannan niyya shawarar ya yi haka, domin "ƙafa 7" ba girma ɗaya ba ne. Ƙirar Amurka filinta wajen santimita 198 ne da 99, wato tana neman faɗin mita 3.93, ragowar da za ta bar mana ba ta kai faɗin tafin hannu ba. Ƙirar Ingila kuwa filinta wajen 183 ne da 91, jikinta duka 214 da 122, tana neman mita 3.85. Ita muka ɗauka, muka haɗa da gajerar sanda ɗaya mai santimita 122 saboda bugun da ya matse, wadda kuma ta zama sandar ƙananan yara. Ramukan wannan ƙirar an yanka su ne daidai ƙananan ƙwallaye masu milimita 51. Wanda ya sayo manyan nan masu milimita 57 zai ga suna cijewa a bakin rami.

Sai maganar abin da ke ƙarƙashin ƙyallen da ke lulluɓe da saman teburin. Akwai mai katakon da aka matse daga gari, akwai mai dutse, wanda 'yan kasuwa ke kira mai mabul. Na katakon ya fi araha nesa ba kusa ba, mutum biyu ma sa ɗauke shi. Amma Kano gari ne da iskarsa ke jiƙe sharaf a watan Agusta, ta bushe ƙayau a Janairu. Irin wannan katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya lanƙwashe, kuma in ya lanƙwashe ba shi da magani, ƙwallo ta dinga gangarawa gefe ɗaya ke nan. Dutse ba ruwansa da damina ko hunturu. Yaya da kanta, wadda da farko ba ta son aikin, ita ta ce araha ba ta ado, in za a yi a yi mai ƙarko. Teburin ya haura kilo 200, ƙarti shida suka shigo da shi, aka kuma gargaɗe su kada su ja shi a ƙasa, don ja shi ne ke sassauta ƙafafu.

Tebur biyu, wuri ɗaya

Teburin tanis awonsa ɗaya ne a duk duniya: tsawo mita 2.74, faɗi mita 1.525, tsayi santimita 76, raga santimita 15.25. A manyan gasanni ana ware wa kowane tebur fili mai mita 14 da 7, amma ba wanda ke neman wannan a gida. In aka sa shi a tsakiyar garejin, kowane ɗan wasa zai sami santimita 178 a bayansa da 124 a kowane gefe. Ya ishi mai wasa kusa da tebur, ya ɗan matse wa 'yan bibbiyu. Matsalar ita ce tsakiyar nan teburin sunuka ya riga ya zauna, kuma ba abin da za a tura gefe ba ne.

An duba tsakar gida. Ƙwallon tanis, wadda yara ke kira ƙwai, giram 2.7 ce, iska kaɗan sai ta kwashe ta, ga rana da ruwa da za su ci teburin, ga shi kuma wurin girki da shanya ne. An duba fasa bangon da ke tsakanin gareji da sito, birkila ya ce bangon yana ɗauke da nauyin rufi. Abin da ya rage shi ne a ɗora allon tanis a kan teburin sunuka, a sauke in an gama.

Alhaji ya kira kafinta, kuma a nan wani abu ya fito da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Allon katako da ake sayarwa a kasuwa ƙafa 8 ne da 4, wato santimita 244 da 122. Rabin teburin tanis kuwa 137 ne da 152.5. Ta ko'ina aka juya shi ya fi 122, ba ya fita daga allo ɗaya sai da haɗi. Wannan ne ya sa teburan da muke gani a lunguna yawancinsu ba su cika awo ba, allo guda ake ɗorawa a kan benci a ja layi. Kafintan ya gwada da haɗi a kan siririn katako. Gwajin da hukumar wasan ta duniya ta tanada mai sauƙi ne, kowa zai iya yi a gida: a saki ƙwai daga tsayin santimita 30, ya kamata ya taso wajen 23, kuma a ko'ina a kan allon haka. Nasa bai kai ba, a kan haɗin kuma sai ƙwan ya kauce. Ba gazawarsa ba ce, kayan ne ba su ba da hali ba. An biya shi wahalarsa, allunan suka zama kantar sito.

Mafita ta zo daga tebur na hannu. Aka samu wani na gaske da ƙafafunsa suka karye amma samansa lafiya lau, kaurin milimita 19. Mai walda ya cire ƙafafun, kafinta ya manna tsiri-tsirin kafet a ƙasan allon inda zai taɓa katakon teburin sunuka don kada ya goge shi, ya kuma kafa ƙananan tubalan katako da ke kama gefen teburin don kada ya zame. Kowane rabi ya kusa kilo 30, mutum biyu ke ɗagawa. In an sauke ana tsayar da su a bangon ƙurya, a kan katako ba a kan siminti ba, a ɗaure da maɗauri saboda yara.

Wannan dabara tana da farashinta, kuma gara mai niyya ya san shi tun da wuri. Allon ya fi teburin da ke ƙarƙashinsa da santimita 30 a kowane kai, da 15 a kowane gefe, wato bakinsa a iska yake. A makonnin farko wani baƙo ya dafa kan allon da nauyinsa yana miƙa hannu ya ɗauko ƙwai, ɗaya kan ya ɗaga, ƙarfen raga ya karye. Allah Ya tsare bai faɗo wa kowa a ƙafa ba. Bayan nan aka sa sakata biyu a ƙasa masu haɗe rabin biyu, aka kuma ƙara maɗauri da ke zagaye ƙarƙashin teburin. Na biyu shi ne tsayi. Teburin sunuka ya fi na tanis tsayi, ga kaurin allo a kai. Ko da aka murɗe ƙafafun zuwa ƙarshensu, saman allon ya tsaya a santimita 82 maimakon 76. An kawo shawarar a yanke ƙafafun, na ƙi, don gyara wasa ɗaya da ɓata ɗayan ba riba ba ce. Na uku, tunda allon dole ya zauna a tsakiya don 'yan tanis su sami baya daidai wa daida, teburin sunuka ma ba ya matsawa ko'ina. Alhaji ya so a tura shi gaba a sa kujerun falo a ƙurya. Ƙarshenta siririn benci aka kafa a jikin bango.

Ƙasa, haske, iska, ƙura

Daɓen gareji da gangara ake yin sa don ruwan wankin mota ya fita, namu ya sauka kusan santimita biyar daga ƙurya zuwa ƙofa. Birkila ya sake zuba shi ya daidaita. Yaya ta so tayil mai sheƙi, na nuna mata cewa in ƙurar hunturu ta hau shi santsi yake yi, ɗan tanis kuma da gudu yake taka gefe, ga ƙwallon sunuka da in ta yi tsalle ta faɗo tana iya fasa tayil ko ta ɓantare. Aka bar siminti mai ɗan kaushi, aka shimfiɗa kafet ɗin roba mai kauri kewaye da tebur. Daidaita teburin kansa da filam ɗin magina aka fara, aka gama da ƙwallo: a gangara ta a hankali kusa da kowace roba da kuma daga kusurwa zuwa kusurwa, a ga ko za ta karkata sa'ad da gudunta ke mutuwa. Bayan 'yan makonni aka sake, don nauyi yana sa ƙafafu su ɗan zauna.

A wurin haske ne wasannin biyu suka fi saɓawa. Sunuka yana son fitila da ke rataye ƙasa-ƙasa a kan tebur, wajen mita ɗaya, don kashe inuwar ƙwallaye. Tanis kuwa yana son sama a buɗe, don ƙwai yana tashi. Aka bar maganar ratayewa, aka manna fitilun LED shida a jikin silin, layi biyu a bin tsawon tebur, kowace mai wat 18. Duka wat 108 ke nan, inbatar gidan na ɗauka ba tare da an ji ba in aka ɗauke wuta. Bangon fari ne tas, farin ƙwai kuma ɓacewa yake a gabansa, sai aka shafa kore mara sheƙi har tsayin mita biyu, aka bar sama fari don ya mayar da haske. Tagar yamma da ke watso rana a idon ɗan wasa bayan la'asar aka sa mata labule mai duhu.

Fankar silin dole ta sauka. Tana kaɗa ƙwai, kuma yaro in ya ɗaga sanda yana murna sai ya kai ta. Aka sa fankar bango biyu suna kallon benci, ana kashe su lokacin tanis, aka kuma buɗe ƙananan tagogi biyu can sama da raga don zafi ya fita. Wannan ɓangaren bai warware ba. Rufin kwano ne, silin ɗin siriri, a watan Afrilu kuma zafin Kano yana haura digiri 40. Daga azahar zuwa la'asar ɗakin ba ya shiguwa a bazara, kuma zafin nan ba mutane kaɗai yake gajiyarwa ba: yana ƙandarar da robar gefen tebur, yana kashe robar bat. Shi ya sa batabatan suna cikin gida a jakarsu, ba a barin su a garejin.

Ƙura kuwa, wanda bai ga abin da hunturu ɗaya ke yi wa ƙyallen sunuka ba ba zai gane ba. Tana shiga cikin saƙar, ƙwallaye su dinga niƙa ta a ciki har ƙyallen ya sule. An ɗinka murfin tamfol daidai teburin, an sayi burushi mai laushi, aka koya wa yaran sharewa ta hanya ɗaya, daga kan da ake fara bugu zuwa ɗaya kan, don irin wannan ƙyallen gashinsa kwance yake ta fuska ɗaya. Babbar ƙofar ƙarfe an so a toshe ta da bulo, aka fasa, don wata rana teburin zai bukaci fita. Sai aka sa mata roba a ƙasa da gefuna, aka lulluɓe cikinta da katako, wanda ya rage zafi ya kuma kashe ƙarar da ƙarfe ke yi in ƙwallo ta doke shi. Sanduna a tsaye suke a mariƙinsu. Sandar da aka jingina da bango ta kwana biyu ta karkace ke nan.

Ƙofa biyu

A ganina abin da ya sa ɗakin nan ya rayu ba ya cikin duk abin da na lissafa. Garejin yana da ƙaramar ƙofa ta waje da wata da ke buɗewa cikin gida. Samari ba za su bar rumfar titi su zo su buga da junansu kaɗai ba, abokansu suke so. Yaya kuma ba za ta yarda samarin unguwa su dinga ratsa mata tsakar gida ba, 'yan matan ma ba za su shiga ɗakin da baƙin maza suka cika ba. Da ba a warware wannan ba, ko dai ɗakin ya zama na maza zalla, ko ya zama sito mai tsada.

Abin da aka yi tsohon tsarin gidan Bahaushe ne: ɗakin ya zama zaure a wani lokaci, ya zama cikin gida a wani. Daga la'asar zuwa magariba ƙofar waje a buɗe, ta ciki a sakace ta ɓangaren gida, samari da abokansu. Bayan isha'i a kulle ta waje, a buɗe ta ciki, iyali kaɗai. Safiyar Asabar ta 'yan mata ce da ƙawayensu. Makullin yana hannun Yaya, kuma wannan shi ya juyo da ita, daga mai adawa ta zama mai kula. Dokokin kaɗan ne, Alhaji ya faɗe su da baki ba a rubuta ba: ba kuɗi ko na alewa, in an kira salla a ajiye sanda ko da baƙa kaɗai ta rage, ba zama ko ajiye kofi a kan tebur, wanda ya ci sau uku a jere ya ba wani. Ta ƙarshen nan ƙananan ta kare, don in ba ita ba babban ba zai sauka ba sai dare.

Da labari ya bazu yaran maƙwabta suka yi yawa, har wani ya kawo shawarar a dinga karɓar ɗan wani abu na alli da wuta. Alhaji ya ƙi, kuma ina ganin ya yi daidai. Ranar da aka karɓi kuɗi a bakin ƙofar nan, wanda ya biya yana da haƙƙi, maigida kuma ya rasa bakin korar wanda bai yarda da halinsa ba. Sai aka ce kowane ɗan gida abokai biyu zai shigo da su, kuma shi ke da alhakinsu.

Bayan shekara guda

Lissafin kuɗi ya ba Alhaji mamaki: gyaran ɗakin, wato daɓe da wayarin da fenti da ƙofa, ya ci fiye da teburan biyu a haɗe. Ƙananan kashe-kashe kuma ba sa ƙarewa, alli, fatar kan sanda da ke cinyewa, ƙwai da ake takawa. Ƙyallen ya yage sau ɗaya, sa'ad da wani sabon shiga ya so ya tsallakar da fara ta kan wata ƙwallo ya soka sandar a ƙasa. An yi masa faci, amma ƙwallo na jin wurin. Yanzu sabon shiga sai wani ya tsaya a kansa.

Game da dalilin da ya kawo aikin, an ci rabi ne. Na biyun ya bar rumfar gaba ɗaya. Babban yana leƙawa jefi-jefi, don can akwai waɗanda suka fi shi, kuma mai wasa yana neman wanda zai gwada ƙarfinsa da shi. Amma daren da yake kaiwa ya ragu, abokansa kuma yanzu Alhaji ya san fuskokinsu da gidajen da suka fito, abin da a da bai sani ba.

Abin da ba a yi tsammani ba shi ne tanis ya fi sunuka kasuwa. Alhaji, wanda ya buga a makarantar kwana, ya ɗauki bat yana ƙirga zuwa 21 da sauyin sabis, wato bugun farko, bayan biyar-biyar, yaran suka ce, "Baba, ai 11 ne yanzu." Gaskiyarsu: tun 2001 aka mayar da wasa maki 11 da sauyin sabis bayan bibbiyu, shekara ɗaya bayan an ƙara girman ƙwai daga milimita 38 zuwa 40. Shi dai har yau in zai buga da ni 21 muke yi. Babbar 'yar ta fi kowa saurin koyo, bayan-hannunta ya fi na yayyenta tsabta. Na ba ta labarin Funke Oshonaike, wadda ta wakilci Najeriya a gasar Olamfik sau bakwai, daga Atlanta a 1996 har zuwa Tokyo. Samarin kuwa Aruna Quadri suke kallo a waya, ɗan Oyo da ya doke Timo Boll na Jamus a Rio a 2016 ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen 'yan takwas a Olamfik.

A nan ne santimita shidan tsayin allon suka fara nuna kansu. Ga mai wasan nishaɗi ba komai ba ne. Ga ƙaramar 'yar mai shekara tara teburin ya yi mata sama, tana ɗaga kafaɗa tana bugu, kuma ba na so hannunta ya saba da haka. Ɗan ƙanin Alhaji kuma, da ya shiga gasar makarantu, ya dawo ya ce, "Kawu, duk bugun da na saki raga yake shiga ko ya wuce tebur." Idonsa da hannunsa sun saba da tsayin da ba shi ne na gasa ba. Yanzu yana zuwa atisaye a cikin gari a kan tebur mai cikakken awo, na gida kuma sabis kaɗai na bar shi ya yi a kai.

Wannan ya dawo da maganar sito. Alhaji ya kira injiniya ya duba bangon, ya ce ana iya buɗe shi in aka zuba bim na kankare da rodi ya karɓi nauyin rufin. In aka yi, tsawon ɗakin zai ƙaru da mita uku da wani abu, sai mai walda ya yi wa allunan ƙafafu masu taya daidai santimita 76, a naɗe su a tura ƙurya in ba a wasa. Ko da hakan baya zai matse in teburan biyu suna aiki lokaci ɗaya, don haka mun sake shimfiɗa kwalaye muna gwadawa. Yaya ta ce ba za a taɓa bangon ba sai an fara samo mata inda za ta mayar da buhunan hatsi, kuma sai bayan damina.